Yadda na nemo kwandalar cikar Bankin Ingila shekara 300, na kuma tantance ta

Tara sulalla ba sana'ata ba ce, sha'awa ce da ta shige ni bayan aiki ya kawo ni Ingila. Da fari duk kwandalar da na gani mai baƙon zane a cikin canji sai in jefa ta a gwangwani. Wani dattijo ne, Bahaushe da ya zo ƙasar nan karatu tun ina goye bai kuma koma ba, ya leƙa gwangwanin wata rana ya ce, "Ɗana, wannan ai tarkace ne. Ka zaɓi fanni guda ka bi shi, ka san abin da kake nema." Na yi ta juya maganar a raina, daga bisani na tsaya a kan kwandalolin da ake bugawa idan babban bankin wata ƙasa ya cika wasu shekaru da kafuwa. Dalilina shi ne, babban banki hukuma ce da hukuncinta ke shiga aljihun kowa, amma ba ta cika yin magana a kan kanta da harshen da talaka zai gane ba. Idan aka miƙa mata ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannun jariri ba aka ce ta faɗi ko ita wace ce, tilas ta taƙaita, kuma abin da ta zaɓa ta sa a kai yakan nuna yadda take kallon kanta.

Tunda a nan nake zaune, ta nan na fara: kwandalar fam biyu ta 1994, wadda aka buga domin cikar Bankin Ingila shekara 300.

Kafin in kashe ko sisi sai da na zauna na yi karatu, kuma abu na farko da na koya ya ba ni mamaki. Bankin Ingila ba ya buga sulalla ko kaɗan, takardun kuɗi ne aikinsa. Sulallan Birtaniya duk suna fitowa ne daga Royal Mint, masana'antar buga kuɗi mallakar Baitulmalin gwamnati, wadda ke garin Llantrisant a yankin Wales. Ke nan wata hukuma ce ta buga wa bankin kwandalar bikinsa. Wannan ya yi mini amfani, domin ya nuna mini inda zan nemi ainihin awo da nauyi da bayanin zane, maimakon in dogara da abin da masu sayarwa ke rubutawa.

Ga abin da na kwafa a ɗan littafina. Fam biyun da ke yawo a hannun mutane yau, mai launi biyu, fari a tsakiya da ruwan ɗorawa a kewaye, a 1998 ta shiga kasuwa, nauyinta giram 12. Kafin ita akwai wata fam biyu mai ƙarfe iri ɗaya, mai kauri da nauyi, wadda ba a buga ta sai domin tunawa da wani abu. Daga 1986 zuwa 1996 zane bakwai aka fitar: na wasannin ƙasashe rainon Ingila a 1986, guda biyu a 1989, na banki a 1994, guda biyu a 1995 domin cika shekara 50 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu da kuma kafa Majalisar Ɗinkin Duniya, sai na gasar ƙwallon ƙafa ta Turai a 1996. Dukkansu awonsu ɗaya: faɗi milimita 28.4, nauyi giram 15.98, ƙarfen kuma haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da ɗan nikel, shi ya sa take da launin rawaya. Ta banki an buga fiye da miliyan 1.4. Wannan adadi na ja masa layi biyu, domin shi ne makamina a gaba.

Sannan zane ɗaya ne amma bugu iri-iri. Akwai ta gama-gari da aka raba ta bankuna da gidajen waya a kan fam biyunta. Akwai wadda ba ta taɓa shiga hannun jama'a ba, da aka sayar a cikin kwali mai bayani. Akwai bugu na musamman na azurfa, wanda ake goge farantin ƙarfen da abin bugun, a kuma buga fiye da sau ɗaya har filin kwandalar ya riƙa ɗaukar ido. Akwai na azurfa mai ninkin kauri, akwai kuma na zinariya. Ni ta gama-gari nake so, mai kyawun jiki. Ba kuɗin ne kaɗai ya sa ba. Na fi son wadda aka buga domin kowa ya iya riƙewa.

Da na shiga intanet neman saye, nan na ga abin da ya ɓata mini rai. Kwandala guda, wani ya sa mata fam kaɗan, wani ya sa mata ɗaruruwa, har da mai neman dubbai, kowa na rantsuwa cewa tasa ba ta da na biyu. Abin da aka buga fiye da miliyan ɗaya ta yaya zai zama ba shi da na biyu? Hujjar da suka fi kafawa ita ce wai rubutun gefe ya kifa, saboda haka kuskuren bugu ne mai tsada. Wannan magana ba ta da tushe. Rubutun gefe ana yin sa ne tun kwandalar tana faranti, kafin a buga mata fuska da baya, sannan farantin ya faɗa cikin inji ta duk fuskar da ta zo. Don haka a wasu rubutun zai miƙe idan hoton Sarauniya na sama, a wasu ya kifa, kuma duka daidai ne. Abin da ke damuna shi ne wanda ake cuta yawanci sabon shiga ne, ko wani da ke neman abin da zai ba mahaifinsa kyauta. Kuma kuɗin da mutum ya rubuta a talla ba shi ne kuɗin da aka saya ba. Na koyi duba jerin waɗanda aka riga aka sayar, a nan gaskiyar farashi take.

Sai dai akwai kuskure na haƙiƙa a tarihin wannan kwandala, kuma shi ake fakewa da shi. A cikin na zinariya an buga wasu da fuskar wata kwandalar zinariya dabam mai faɗi iri ɗaya, fuskar da ba ta ɗauke da rubutun "fam biyu". Da yake bayan kwandalar banki ma babu adadin kuɗi, sai waɗannan suka fito babu inda aka faɗi nawa ce. Masu tarawa suna neman su ido rufe. Amma wannan a na zinariya ne kawai. Duk wanda ya nuna maka ta rawayan ƙarfe ya jingina mata wancan labari, ka wuce abinka.

Na zaɓi wani mai sayarwa da sana'arsa ke nan, wanda ya rubuta a fili cewa ana iya mayar da kaya. Na roƙe shi hotuna uku: fuska, baya, da gefe, a hasken rana, ba tare da walƙiyar kyamara ba, domin walƙiya tana ɓoye ƙarzuwa. Wani da na fara tuntuɓa kafin shi ya turo mini hoton da na tabbata daga kundin talla ya ɗauko, da na nemi na ainihin kayan sai ya yi gum. Wannan na biyun kuwa ya turo har da hoton wani ɗan tabo da ke kusa da wuyan Sarauniya, ya ce in gani kafin in biya. Tabon ne ya sa na amince da shi. Na biya fam kaɗan sama da abin da ke rubuce a jikinta, da kuɗin aikawa.

Ta iso a ƙaramin ambulan mai laushin ciki. Na wanke hannu na tsane shi sarai, na shimfiɗa ƙyalle mai taushi a kan tebur, domin idan ta kuɓuce kada ta faɗa kan katako. Ba a kama irin wannan ta fuska, ta gefe ake riƙewa da babban yatsa da manuni, saboda gumin hannu yana barin shaida a jikin ƙarfe da ba ta fita. Abin da na fara ji shi ne nauyi. Wanda ya saba da fam biyun yau zai ji bambancin nan take. Giram huɗu ƙari a abu ƙarami haka ba wasa ba ne.

Na kunna ɗan sikelin da ke auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, na gwada shi da wata fam biyu ta yau don in tabbatar yana faɗin gaskiya, ya ba ni 12. Na ɗora baƙuwar, ya nuna 15.94. Ragin kaɗan ne, irin wanda ake samu tun daga masana'anta ko daga gogayyar shekaru. Na ɗauko ma'aunin faɗi mai muƙamuƙi biyu irin na makanikai, na manna takarda a bakinsa don kada ya ƙarce ta, na sami milimita 28.4 bayan na cire kaurin takardar. Sai mayen ƙarfe: na kusanto da shi, ko motsi ba ta yi ba, haka kuma ya kamata, domin wannan haɗin ƙarfe ba ya amsa maye. Kowane gwaji shi kaɗai ba hujja ba ne. Mai jabu zai iya daidaita faɗi ya kasa nauyi, ko ya daidaita nauyi kauri ya tona shi. Haɗuwarsu duka a kan awon da aka wallafa ita ce ke kwantar da hankali.

Daga nan na jawo fitila na sa gilashin ƙara girma, kuma a nan na fi daɗewa.

A fuska akwai Sarauniya Elizabeth ta Biyu, zanen Raphael Maklouf da aka yi amfani da shi a sulallan ƙasar daga 1985 zuwa 1997, da kambi a kanta da sarƙa a wuya da ɗan kunne. A gindin wuyan, inda aka yanke hoton, akwai haruffa uku ƙanana, RDM, sa hannun mai zanen. Da ido kawai da ƙyar ake ganinsu, amma a gilashi sun fito rangaɗau, kowane harafi da kaifinsa. A jabu irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke narkewa su zama dunƙule. Rubutun "fam biyu" na nan a kewaye. Tabon da aka faɗa mini ma na nan, bai fi yadda aka nuna ba.

Bayan kuwa aikin Leslie Durbin ne, maƙerin azurfa da ya yi aikin ado a takobin da Churchill ya miƙa wa Stalin a Tehran a 1943 domin girmama mutanen Stalingrad, shi ne kuma ya zana bayan kwandalolin fam ɗaya na 1984 zuwa 1987. A tsakiya ya sa ainihin hatimin bankin na farko: Britannia, matar da ke wakiltar ƙasar, tana zaune da mashi, ga tarin kuɗi a gefenta. A sama kambi da haruffan W da M a sarƙe, na Sarki William na Uku da Sarauniya Mary ta Biyu. Hagu 1694, dama 1994. A ƙasa sunan bankin da rubutun hannu mai lanƙwasa, irin wanda ke saman takardun kuɗinsa. Babu hoton gini, babu fuskar wani gwamna. Na juya ta a hankali ina karanta gefe, inda aka nutsa kalmomi huɗu na Latin a cikin zara-zaran layuka: SIC VOS NON VOBIS, taken William Paterson, wanda ya kawo shawarar kafa bankin, wato kuna wahala amma ba domin kanku ba.

Waɗannan haruffa biyu da ke ƙarƙashin kambi su suka mayar da ni ga littattafai. A 1694 Ingila na cikin yaƙi da Faransa, an lallasa jiragen ruwanta a Beachy Head, a gaɓar kudancin Ingila, a 1690, baitulmali ya bushe, masu kuɗi kuma ba su yarda da bashin sarakuna ba saboda an sha cinye musu. Paterson, ɗan kasuwa daga Scotland, ya kawo shawara: jama'a su haɗa fam miliyan 1.2 su ranta wa gwamnati a kan ruwa kashi 8 cikin ɗari, a madadin haka a mai da su kamfani mai izinin harkar banki. Charles Montagu, wani jigo a Baitulmali, ya tura maganar a majalisa. Kuɗin ya haɗu cikin ƙasa da mako biyu, aka sa hatimi a takardar izini ranar 27 ga Yuli, 1694, Sir John Houblon ya zama gwamna na farko. Sarauniya Mary ba ta ga ƙarshen wannan shekara ba, agana ta kashe ta a watan Disamba. Saboda haka W da M ɗin nan shaida ce ta 'yan watannin ƙarshe na sarautar mutum biyu.

A nan zan faɗi ra'ayina. Taken da ke gefen yana da daɗin ji, amma waɗanda suka zuba kuɗi a 1694 domin kansu suka zuba, ribar kashi 8 suka hango, kuma yaƙi aka yi da kuɗin. Ni da na tashi da sanin matsayin kuɗin ruwa a addinina, ban iya kallon wannan tarin kuɗi da ke gefen Britannia ba tare da na tuna cewa bashi mai ruwa ne tubalin ginin. Bankin ya zauna a hannun masu hannun jari har 1946 da gwamnati ta karɓe shi, sai a 1997 aka sakar masa ikon ƙayyade yawan kuɗin ruwa da kansa. Duk da haka ina girmama zanen, domin bai ɓoye asali ba. Ya sa sarakunan da suka ci bashin, ya sa kuɗin, ya sa shekarar. Mai son sani an ba shi bakin zaren.

Gani ya kori ji, don haka na ware rana na je gidan tarihin bankin a Landan, wanda ƙofarsa ke Bartholomew Lane, a jikin ginin bankin da ke titin Threadneedle, titin da bankin yake zaune tun 1734. Shiga kyauta ne. Yawancin baƙi layin sandar zinariya suke bi, wadda ake zura hannu ta rami a ɗaga, mai nauyin kusan kilo 13. Ni tsofaffin takardun kuɗi na tsaya a kansu, ina bin Britannia daga wannan zuwa wancan, ina gwada ta da hoton kwandalata a waya. Zamanta ya sauya, tufafinta sun sauya, amma ba ta taɓa barin takardun bankin ba, har waɗanda ke aljihuna a ranar. A wannan shekara ta 1994 ɗin ma bankin ya fitar da takardar fam 50 mai hoton Houblon, wanda gidansa ke daidai filin da bankin ya mamaye daga baya. An janye ta a 2014.

Da na kai wa dattijon nan ya gani, ya karɓa ta gefe ba tare da na ce masa komai ba, ya ɗaga ta wajen taga. Ya ce ya tuna lokacin, a gidan waya ya karɓi tasa, kuma ko a wancan zamani ba kasafai ake ganinsu a canji ba, kowa ajiyewa yake yi. Na ce, "Baba, ka ga gefen nan ya ɗan dushe, ko in sa mata man goge ƙarfe?" Ya dube ni ya ce, "Kul! Kada ka kuskura. Dushewar nan shekarunta ne. Ka goge, ka kankare fatar da inji ya ba ta, kuma duk mai ido zai gane." Na bincika daga baya na tarar duk masana a kan haka suke. Man gogewa yana barin ƙananan ƙarce da ke bayyana a gilashi, kuma kwandalar da aka goge darajarta faɗuwa take yi a wurin masu saye, komai ƙyallinta.

Akwai tambayar da abokai suka yi ta yi mini: za a iya kashe ta? A doka, har yanzu halastaccen kuɗi ce, fam biyu cur. Amma ma'anar wannan a dokar ƙasar nan ƙunƙuntacciya ce, ta shafi biyan bashi ne. Mai kanti yana da ikon ƙin karɓa, kuma yawancin matasan da ke kan kanta ba su taɓa ganin irinta ba. Injinan sayar da kaya ma ba su san nauyinta ba, tofo ta za su yi. Wannan ya sha bamban da yadda wasu ƙasashe suka yi nasu. Afirka ta Kudu ta sa bikin babban bankinta a kan rand 5 da ake kashewa kullum, a 2011 da ya cika shekara 90 da kuma 2021 da ya cika 100. Indiya ta bi hanya biyu: a 2010 ta fitar da ƙananan rupi da suka shiga kasuwa domin cika shekara 75, a 2024 kuwa ta buga rupi 90 ta azurfa mai giram 40, wadda ba a yi ta domin cefane ba. A ganina hanyar Afirka ta Kudu ta fi dacewa. Hukumar da ke cewa domin jama'a take aiki, kamata ya yi kwandalar bikinta ta isa hannun mai sayen burodi.

Saura ajiya. Na guji 'yan jakunkunan leda masu laushi, domin da yawansu akwai sinadarin PVC a ciki, wanda da daɗewa yake tsatso wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe, musamman mai jan ƙarfe a ciki irin wannan. Na sayi ƙoƙon roba mai tauri, mai murfi, na milimita 29. Wanda zai saya ya lura da zurfi, domin tsohuwar fam biyu ta fi ta yanzu kauri, kuma ƙoƙon da aka yi domin ta yanzu ba lallai ya rufu a kanta ba. Na sa shi a akwati tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima, nesa da taga da bututun ɗumama ɗaki. A kati na rubuta ƙasa, shekara, dalilin bugu, mai zane, nauyi da faɗin da na auna da hannuna, inda na saya, da bayanin tabon wuya, don kada wata rana a ɗauka a wurina ya samu.

Yanzu na buɗe shafi na biyu a littafin. Yuro 2 ta Finland ce ta 2011, mai hoton tsuntsun ruwan da ƙasar ta ɗauka alamarta, wadda aka buga domin cikar babban bankinsu shekara 200; sai kuma ta Austriya ta 2016, ita ma ta shekara 200. Irin waɗannan yuro 2 na tunawa ana kashe su a duk ƙasashen da ke amfani da yuro, saɓanin yuro 10 ta azurfa da Jamus ta buga a 2007 domin cikar babban bankinta, Bundesbank, shekara 50, wadda a Jamus kaɗai take halastaccen kuɗi. Awon da zan gwada ta Finland da shi na riga na kwafa: giram 8.5, milimita 25.75. Gwajin maye kuma a wannan karon akasin na baya ne, domin tsakiyar yuro 2 akwai nikel a cikinta, ya kamata ta ɗan kama maye kaɗan, zoben waje kuwa kada ya kama.